Kafin Ka Sayi Maganin Ƙarin Jini Ko Na Ƙara Ƙarfi

Duk wanda ke cin kasuwa a ƙasar Gwandu, daga Diggi zuwa Kalgo har Jega, ya san mai lasifikar nan da ke girke tsohuwar mota a bakin kasuwa yana jero cututtuka: rashin jini, kasala, basir, sanyin mara, shawara, raunin mazakuta, duk a kwalba ɗaya. Gefensa ga yaro da tire a ka, ƙwayoyi ja da kore da ruwan ɗorawa suna shan rana tun hantsi. Wanda bai je kasuwa ba ma talla takan iske shi a waya, ta WhatsApp ko TikTok, da hoton wata baiwar Allah kafin ta sha da bayan ta sha. Kayan suna tafiya, don ga araha, ga asibiti da nisa da dogon layi, kuma babu mai son a ce masa “je ka yi gwaji” alhali ga mai cewa “sha yau ka gani gobe.”

Yawancin kayan nan a takarda ba magani ba ne. Ana shigar da su a rukunin ƙarin abinci, wato bitamin da sinadaran gina jiki, ko a rukunin itatuwan da aka sarrafa aka ɗura a kwalba. Binciken da ake yi wa wannan rukuni bai kai na maganin asibiti tsanani ba, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ba. A Amurka, wata doka ta 1994 ta bar kamfani ya fitar da irin wannan kaya kasuwa ba tare da hukumar FDA ta fara amincewa da shi ba. Wani nazari da aka buga a 2018 ya ƙirga kaya 776 da hukumar ta gano an cusa musu magungunan asibiti a ɓoye tsakanin 2007 da 2016, akasarinsu na ƙarfin maza da na rage ƙiba da na gina tsoka. Don haka tutar Amurka a jikin kwali ba ta wanke kaya, ko da da gaske daga can ya fito.

Ga ma'auni guda da zai yi maka amfani a kowane teburi: bitamin na gaskiya ba ya gaggawa. Ƙwayar ƙarin jini takan ɗauki makonni kafin jini ya fara hawa, watanni kafin jiki ya mayar da abin da ya rasa. Duk abin da aka ce maka ƙarin abinci ne ko “zallar itace” amma ya motsa ka cikin awa ɗaya, ko ya ciko maka fuska cikin mako biyu, ka ɗauka akwai magani a ciki wanda ba a gaya maka ba.

Fara da sanin abin da ya rasa

Kasala da jiri da farin ido alamu ne, kuma abubuwa da yawa ke kawo su. Manomin shinkafa da ke wuni cikin ruwan fadama yana iya rasa jini saboda tsargiya, mai sa fitsarin jini, ko tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa. Matar da ke haihuwa kusa-kusa ko mai yawan zubar jinin al'ada, yaron da zazzaɓin cizon sauro ke kayarwa duk damina, dattijon da basir ko gyambon ciki ke tsiyayar masa da jini a hankali, kowannensu zai ce “jinina ya yi ƙasa,” kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai zuba maganin ƙarin jini a jikin da ke yoyo ɗiban ruwa ne da kwando. Ramewa da yawan fitsari da ƙishirwa na iya zama ciwon suga. Ramewa da tari da gumin dare na iya zama tarin fuka, wato tibi, wanda ake maganinsa kyauta a asibitin gwamnati. Wanda ya tari irin wannan ramewa da maganin ƙiba, lokaci kawai ya ƙara wa cutar.

Matakin farko ke nan: ka je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna yawan jininka, a yi gwajin zazzaɓi, in da hali a duba fitsari da bayan gida da suga. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka babban asibitin Kalgo, ko Asibitin Sir Yahaya, ko na gwamnatin tarayya a Birnin Kebbi. Mai sikila ya fi kowa buƙatar wannan taka-tsantsan. Ƙarancin jininsa ba lallai daga rashin sinadarin ayon yake ba, kuma in ana yi masa ƙarin jini akai-akai ayon ɗin yakan taru har ya taɓa hanta da zuciya. Abin da aka saba ba shi shi ne folik asid.

Akwai waɗanda lallai suna buƙatar ƙari, kuma an san adadinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na ayon da maikirogiram 400 na folik asid kullum, shi ne ake bayarwa a wurin awo. Yara daga wata 6 zuwa 59 ana ɗiga musu bitamin A sau biyu a shekara a makon lafiyar mata da yara, shuɗin kafso ga wanda bai cika shekara ba, ja ga wanda ya haura. Yaro mai zawo ana ba shi ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da suga. Duk waɗannan ko kyauta ne ko kuɗinsu kaɗan ne.

A nan zancen araha yake buƙatar gyara. Ana cewa araha ba ta ado, amma ƙaramar ƙwayar ayon ɗin nan ta wurin awo tana cikin mafi arha a kanta, kuma sau da yawa ta fi babbar kwalbar sirof mai zaƙi yawan abin da ake nema. Su kuma kayan da ake tallatawa ta hanyar “kawo mutum a ba ka kaso,” tsadarsu ladan 'yan tsakiya ce, ba shaidar inganci ba. Arahar da za ka ji tsoro ita ce ta kayan da ka san farashinsa a babban shagon magani na Birnin Kebbi, sai ga shi a tire da rabin kuɗin. Ko jabu ne, ko wa'adinsa ya ƙare an sake masa kwanan wata, ko na sata ne.

Inda za ka saya

Ka sayi a shagon da ke da lasisin hukumar PCN mai kula da harkar sayar da magani, ko babban shago mai masanin harhaɗa magunguna ko kemis mai rajista. Takardar takan kasance rataye a bango, kuma tambaya ba rashin kunya ba ce. Dalilin ba ya wuce biyu. Mai shago yana nan gobe in wani abu ya faru, mai mota kuwa ya kama hanyar wata kasuwa tun kafin magariba. Na biyu shi ne zafi. Yawancin kwalaye an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, wasu ma 25, alhali a bazararmu, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura 40 a inuwa. Bitamin C da wasu daga cikin dangin bitamin B ba sa jure zafi da haske. Kafso mai mai a ciki yakan narke ya manne da ɗan'uwansa. Ko kayan asali ne, in ya yi makonni a kan tire ko a bayan mota ya tashi daga aiki.

Ka tambayi mai kemis inda yake sarin kayansa. Hukuma ta daɗe tana fama da manyan kasuwannin magani na fili: a 2024 aka tilasta wa dillalan Sabon Gari a Kano komawa cibiyar da aka gina musu a Dangwauro, a farkon 2025 kuma hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta rufe kasuwannin magani na Onica da Aba da Idumota a Legas ta kwashe kaya masu ɗimbin yawa. Mai kemis na kirki yana da rasiɗin sari, kuma ba ya jin haushin tambaya.

Kada ka karɓi “haɗi,” wato ƙwayoyi huɗu ko biyar da ake ƙulla wa mutum a leda wai maganin gajiya. Ba ka san sunansu ba balle wa'adinsu, kuma galibi akwai mai kashe ciwo irin dikulofenak a ciki. Shan irinsa kullum yana cin ciki yana gajiyar da ƙoda, musamman ga wanda ke wuni a gona cikin rana ba ya shan ruwa sosai. Haka duk wani gari ko ruwa da aka auno maka daga buhu ko jarka. Mutanen Kano ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka sayar da wani sinadarin masana'antu a matsayin ɗan tsami, aka haɗa lemo da shi. Ɗaruruwa suka kwanta, da yawa suna fitsarin jini, gwamnatin jihar ta ce mutum goma sun rasu. Fari ne, mai tsami ne, ido ba zai raba shi da na gaskiya ba.

Yadda ake karanta kwalba

Ka riƙe kayan a hannunka kafin ka miƙa kuɗi. In ba ka karanta boko, ka je da ɗanka ko ƙanenka ɗan makaranta.

Ka fara da murfi da hatimi: an taɓa buɗewa? Sannan ka nemi sunan kamfanin da ya yi shi da cikakken adireshinsa. Kwalbar da babu komai a jikinta sai lambar waya da sunan wani gari ba ta da mai ita. Ka nemi lambar rukunin da aka sarrafa shi a ciki, da ranar yi, inda ake rubuta MFG, da ranar ƙarewar wa'adi, inda ake rubuta EXP. Ka gwada na kwali da na jikin kwalba ko faifan ƙwayar, dole su zo ɗaya. In ka ga an kankare wurin, ko an liƙa wata 'yar takarda a kai, ko tawadar tana gogewa da yatsa, ajiye. Ka duba jerin abin da ke ciki. Kayan kirki yakan faɗi sunan kowane sinadari da adadinsa a ƙwaya ɗaya ko cokali ɗaya. Wanda ya ce “haɗin itatuwa arba'in, sirrin gidanmu ne” ya gaya maka ke nan ba zai faɗa ba.

Sai lambar NAFDAC, wadda mutane suka ɗauka ita ce ƙarshen magana. An kafa hukumar a 1993, kuma tun zamanin marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008, 'yan Nijeriya suka koyi tambayar lambar. Masu jabu ma sun koya, shi ya sa suke buga ta. Lamba a jikin kwali ba ta isa ba sai an gwada ta. Hukumar tana da rumbun bayanai mai suna Greenbook, a intanet da manhajar waya. Ka rubuta lambar ko sunan kayan, ka ga ko sunan da ya fito da kamfanin da ya fito su ne na hannunka, kuma ko rajistar tana da sauran rai. Sau da yawa lambar ta gaskiya ce, amma ta wani kaya ce daban.

Ka kuma lura da ƙarshen lambar. In ta ƙare da harafin L, kamar yadda ake gani a yawancin magungunan itatuwa na kwalba, ma'anarsa hukuma ta duba cewa samfurin da aka kai mata ba guba ba ne, ta ba shi izinin wucin gadi na shekara biyu. Ba ta tabbatar yana warkar da abin da ake cewa yana warkarwa ba, shi ya sa ake tilasta musu rubuta hakan a jikin kwalbar, galibi da ƙananan baƙaƙe. Mai lasifika ba ya karanta wannan layin. Labarin maganin da aka fi sani da Baban Aisha ya isa misali. Ya karaɗe Arewa ana sha don cututtuka barkatai, har wani binciken 'yan jarida ya fito a 2023. A watan Yunin shekarar NAFDAC ta rufe inda ake yin sa a jihar Kaduna, ta bayyana cewa izininsa ya riga ya ƙare, kuma abin da ake tallata shi a kai ya zarce abin da aka amince masa. Wanda ya saya yana ganin lamba a jiki bai san da wannan ba.

A wajen yara a ninka hankali. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu a Nijeriya, har da waɗanda aka kai asibitin koyarwa na Zariya, bayan shan ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin. An yi amfani da wani sinadari mai guba, mai ɗan zaƙi, a madadin wanda ake narkar da magani da shi, sai ya kashe musu ƙoda. Irin gubar ce ta kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022 ta hanyar maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya. Yaron da ke cin abinci yana wasa ba ya buƙatar sirof ɗin “buɗe ciki.” Wanda kuma ya rame har ƙafa ta kumbura, tamowa ce, wurinsa asibiti. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana kula da irin waɗannan yara a Maiyama tun 2022. Abincin tamowa na leda mai gyaɗa kuwa magani ne da aka auna wa yaro ɗaya. Wanda ka gani a kasuwa daga bakin wani yaro aka cire shi.

Abin da ake ɓoyewa a ciki

Maganin ƙiba da 'yan mata ke kira “sha ka fashe,” wanda amare da yawa ke nema gab da biki, kusan kullum ɗayan biyu ne ko haɗinsu. Akwai saifuroheftadin, sinadarin da ke cikin Apetamin, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, yana buɗe ciki yana sa barci mai nauyi. Akwai kuma deksa, wanda ake rubuta wa Dexamethasone a kwali. Deksa magani ne mai daraja a hannun likita, amma abin da yake yi wa mai shan sa don ƙiba ba ƙibar lafiya ba ce. Yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki da doron wuya, hannu da cinya kuma suna sirancewa. Fata takan yi nankarwa, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi har ƙaramin ƙurji ya ƙi warkewa, al'ada ta rikice. Ana kuma samun sa a ɓoye cikin magungunan “sanyin ƙashi” da tsofaffi ke yabawa don sun ji sauƙi a kwana biyu.

'Yar'uwa, in kin riga kin yi makonni kina shan sa, kada ki yanke rana ɗaya. Jiki yana da nasa sinadarin irin wannan, kuma yakan daina yin sa in ana ba shi daga waje. Yankewa farat ɗaya na iya jawo amai da faɗuwar jini da suma. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita, shi zai rage miki a hankali.

Na ƙarfin maza kuwa, ko a zuma ya zo, ko a kofi, ko a shayi, ko a 'yar kwalba, abin da aka fi kamawa a ciki shi ne sildenafil, sinadarin Viagra, ba tare da an auna ba. Yana buɗe jijiyoyin jini. Ga mai ciwon zuciya da ke shan maganin ciwon ƙirji, haɗuwarsu na iya faɗar da jini har rai ya fita. In gaba ta miƙe ta ƙi kwanciya har awa huɗu, maganar asibiti ce a daren, kunya ba ta da wuri, don jinkiri na iya kashe gaban gaba ɗaya. Raunin ma kansa sau da yawa saƙo ne daga ciwon suga ko hawan jini da ba a gano ba. A shayin rage tumbi an sha samun sibutiramin, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki, ko kuma maganin zawo zalla.

Ba komai ne da gangan ba. Garin itacen da aka shanya a ƙasa ko aka ajiye a danshi yakan yi fumfuna mai cutar da hanta, wani kuma yakan ɗauko dalma daga ƙasa ko daga abin da aka niƙa shi. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga aikin dalma a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum. Ba ta da wari, harshe ba ya gane ta.

Bayan ka fara sha

Ka sha abu ɗaya a lokaci ɗaya, gwargwadon yadda aka rubuta. Mutane sukan haɗa sirof da kafso da wani gari, ba su san abu ɗaya suke ninkawa ba. Bitamin A da D ba sa fita da fitsari, taruwa suke yi, kuma bitamin A mai yawa yana iya nakasa ɗan da ke ciki. Mai ciki da mai shayarwa kada su sha komai sai wanda aka ba su a awo.

Ayon yakan mayar da bayan gida baƙi, wani lokaci ya ɗaure ciki, wannan ba abin tsoro ba ne. Kada a kora shi da shayi, don shayi yana hana jiki tsotse shi. Ruwan lemon zaƙi ya fi. Yana kuma raunana wasu magungunan ƙwayoyin cuta irin sifuro da kafson nan ja da yalo, sai a raba lokacin shan su da awanni. Duk mai shan maganin hawan jini, suga, farfaɗiya, tibi ko mai karya garkuwar jiki ya nuna wa likitansa kowace kwalba, kuma kada ya bar maganinsa don wani ya ce nasa yana “cire cutar daga tushe.” A ajiye ƙwayoyin ayon inda hannun yaro ba ya kaiwa. Suna kama da alewa, kuma tafin hannu ɗaya ya isa ya kashe ƙaramin yaro.

In ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu ko ya ragu, fuska ko ƙafa ta kumbura, zuciya tana bugawa da sauri, jiki ya feso da ƙuraje, ko aka yi aman jini, a nufi asibiti a ranar, kuma a tafi da kwalbar da kwalinta. Likitan da ya ga abin da aka sha ya fi wanda ake ce wa “wani ɗan ja ne haka” saurin taimako. Ka roƙi ma'aikacin lafiya ya kai rahoto ga NAFDAC, ko ka kai da kanka ofishinsu na Birnin Kebbi, ko ta manhajar Med Safety. Da irin wannan rahoto ake janye kaya daga kasuwa.

Ga wanda aka auna aka ce lafiyarsa lau, abin da yake nema a kwalba yana cikin tukunya. Wake da hanta da kifi da zogale da rama da alayyafo suna ba da ayon. Manja da kabewa da mangwaro da ƙwai suna ba da bitamin A, garin 'ya'yan kuka da gwaiba kuma bitamin C. Gishirin leda ana sa masa aidin bisa doka, man girki da suga da fulawa na kamfani kuma ana ƙara musu bitamin A, alamarsa hoton ido a jikin leda. Kunun gero ko dawa da aka haɗa da waken suya da gyaɗa ya fi kowane sirof gina yaron da aka yaye.

Maigida, kai ke riƙe da kuɗin cefane, kuma galibi kai ake roƙo ka sayo. In iyalinka na da ciki ko yaro ya yi fari, ka kai su a auna, ka biya kuɗin gwajin, abin da ya rage ka sayo kifi da wake. Ƙwaya kuwa ka bar ma'aikaciyar awo ta zaɓa.